Layukan da Suka Jingina Hagu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

"Wallahi Yaya, duk ranar da aka sake buga shi, sunanki ne zai zo kafin nawa."

Kai ka faɗa, Auta. Shekara huɗu ke nan, ranar da Yaya ta yi ritaya daga ofishin safiyo, a falonta, kana riƙe da kofin shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ina zaune a wurin. Ba wanda ya roƙe ka. Yaya ma dariya ta yi, ta ce ka sha shayinka kafin ya huce.

Yau da safe editan jaridarmu ya aiko mini da samfurin bugu a ambulan. Dakarun Tsawa, littafin zane na yara, fitowa ta tara. Za a sake buga ta bayan shekara ashirin da takwas, a takarda mai ƙyalli, har da baje koli a babban ɗakin karatu. Yana son sharhi, kalma ɗari takwas, a shafina na Juma'a. Na duba bangon gaba, na duba na baya, na duba ciki. "Labari da zane", sai suna ɗaya. Naka.

Na kira edita na ce ya ba wani. Ya ce, "Haba Malama, ai ke kika dace, ƙanenki ne fa." Na ce shi ya sa ban dace ba. Ya ce, "To wa zan ba? Duk jaridar nan ke kaɗai ke karanta littafi har ƙarshe kafin ki zage shi."

Na karɓa.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Asibiti, wajen Yaya, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ba canji. 'Yar Yaya ta ce in daina kawo littattafai, suna cika mata durowa kuma ba mai karantawa.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe tara na safe

Bari in rubuta abin kunya tunda ba mai gani. Ban taɓa karanta shi ba. Shekara ashirin ina sharhin littattafai, na karanta masu shafi ɗari tara waɗanda marubutansu ma ba su sake buɗewa ba, amma wannan mai shafi ashirin da huɗu, da aka yi a kan teburin cin abincin gidanmu, ban taɓa wuce bangonsa ba. Lokacin ina jami'a, ina yawo da manyan littattafai a hammata don a gani. Abin yara ne, in ji ni. Abin da na sani kawai shi ne Auta ya faɗi a babur ya karye a hannu, Yaya ta "ɗan taimaka". Haka ake faɗa a gida, haka na riƙe.

To yau na zauna da shi.

Su biyar ne. Kaftin Tsawa shugabansu, in ya tafa hannu gilasan unguwa su farfashe. Dutse, ƙato, ba ya magana sai gurnani. Walƙiya, yarinya mai gudu. Sai Tagwaye, waɗanda ba su da ƙarfin komai sai sun riƙe hannun juna, kuma kullum cikin faɗa suke. Abokin gabarsu wani inji ne mai ƙafa shida, Injin Ƙishirwa, ya zo shanye kogin gari.

Ina da tambayoyi. Me zai sa namiji baligi ya sa kamfai a kan wando ya fito titi? Wa ke wanke mayafin Kaftin, tunda a kowane shafi fes yake? Kuma ta yaya mutum zai faɗi kalma arba'in da ɗaya, na ƙirga, tsakanin ɗaga hannu da saukar naushi? Shi kuwa injin yana tsaye da ladabi yana jira ya gama.

Sai dai akwai abu ɗaya. Har shafi na shida ina hamma. Da na juya na bakwai sai na gyara zama. Kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a rufe. Ban san me ya canza ba. Mutanen su ne, kamfan ma shi ne.

Alhamis, 6 ga wata, tsakar rana

Kira uku daga Yaya a wayata, ranar Asabar ɗin da ta faɗi. Na sake dubawa. Har yanzu uku ne.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

'Yar Yaya ta ba ni makulli in ɗauko wa uwarta rigunan barci. Ban shiga kicin ba, inda ta faɗi. Na wuce ta ƙofarsa ina kallon bango.

A ɗakinta, ƙarƙashin gado, akwai naɗaɗɗun taswirori na aikinta na dā, da akwatin alƙalumanta, kowanne a raminsa kamar kayan likita. Akwai kuma gilashin ƙara girma mai mariƙin katako. Na ɗauko shi da taswira ɗaya. Ban tambayi kowa ba.

Tun da na dawo nake kan shafi na shida da na bakwai. Abin ya fara ba ni sha'awa, na rantse. Ashe inuwa a irin wannan zane ba fenti ba ce. 'Yan layuka ne ƙanana, ɗaruruwa, a jere kusa da juna. In an matse su wurin ya yi duhu, in an ware su ya yi haske. Ƙasan haɓar Kaftin layuka ne. Cikin injin layuka ne. Wani ya zauna ya ja kowane ɗaya da hannu.

A shafi na ɗaya zuwa na shida duk layukan sun jingina dama. Daga na bakwai har ƙarshe duk sun jingina hagu.

Na ɗauki biro na gwada a bayan ambulan. Nawa dama suka jingina. Na mayar da biron hannun hagu, abin ya yi muni, amma hagu suka jingina. Hannu ba ya shawara da mai shi, inda gwiwar hannu ta fi sauƙin juyawa nan yake bi.

Na warware taswirar. Tsaunukan da ke gefenta an yi musu inuwa. Hagu.

Mu uku iyayenmu suka haifa, bahagiya ɗaya ce.

Shafi shida nasa. Sha takwas nata. "Ɗan taimako."

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na kira Auta. Bai ɗauka ba. Ya aiko saƙo: "Ina taro, Yaya Ƙarama, zan kira." Ranar Lahadi. Taro.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An sallame ta. An sa mata gado a falo saboda matakala. Ta kalli labule, ta kalli agogon bango, ta ce wani abu da ban gane ba. 'Yarta ta gane. Wai agogon ya tsaya. Ya tsaya kuwa. Na sa masa batir, na ji daɗin samun abin da zan iya gyarawa.

Na ci gaba da shafi na sha huɗu a motar haya. Shi ne shafin da kowa ke magana a kai, in ji edita. Hoto ɗaya ne ya cika shi, gari daga sama, injin ya tsoma baki a kogi, Dutse ya cire gada ya ɗaga ta sama da kai. Da gilashin na ga kowane titi yana zuwa wani wuri. Ba layin da ya mutu a banza. Kwalbati na inda ruwa zai bi. Inuwar kowane gini ta faɗi gefe ɗaya, tsawonta daidai da tsayinsa. Har wata mata a kan rufi tana kwashe shanya, ko kallon injin ba ta yi. Duniya na ƙarewa, ita kayanta kada su jiƙe.

Na yi dariya ni kaɗai, direba ya kalle ni ta madubi. Na san matar nan. Tare muka girma.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe goma na safe

Mai gashin ƙashi ya zo daga asibiti, zuwansa na farko. Mutum ne mai fara'a, zai kai arba'in, yana yi wa Yaya magana da ƙarfi kamar kurma ce. Ya ɗauki hannunta na hagu yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Sai idonsa ya faɗa kan samfurin da ke cinyata.

"La! Dakarun Tsawa! Fitowa ta tara ce? Inda Dutse ya ɗaga gada?"

Na ce ita ce.

"Wallahi Anti, saboda wannan aka taɓa kora ta daga aji. Na ɓoye shi a cikin littafin lissafi. Duk ajinmu mun kwaikwayi shafin nan, ba wanda ya iya. A ina kika samu?"

'Yar Yaya ta ce kawunta ne mai shi.

"Kai! Ashe gidan manya na shigo." Ya juya ga Yaya yana murza mata tafin hannu da babban yatsansa. "Mama, ƙanenki ba mutum ba ne. Hannun da ya zana wannan, Allah ya yi masa albarka. Matse yatsana, Mama. Matse. To, ba komai, gobe ma rana ce."

Yaya na kallon silin.

Na tashi na shiga banɗaki na kunna famfo. Na daɗe.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Saura shafi talatin in gama wani littafi da ban ma so ba, shi ya sa na kife wayar a kan tebur ranar Asabar ɗin nan da Yaya ke kirana. Na gama shi. Na ba shi sharhi mara kyau.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na je maɗaba'ar da za ta yi bugun. Ita ce ta buga na farko. Yanzu ɗan ne ke riƙe da ita, amma tsohon na nan, an ajiye masa kujera kusa da injin yankan takarda, yana kallon kowa yana gyara musu aiki da baki. Wurin na warin tawada da kananzir, ƙasa cike da tarkacen takarda kamar an yi aski.

Na ce, "Baba, ka tuna wanda ke kawo zanen Dakarun Tsawa?"

"Wanda ko wadda?"

Na zauna a kan damin takarda.

Ya ce da farko saurayin ne, mai surutu. Daga fitowa ta tara sai wata mata ta riƙa zuwa da doguwar jakar taswira, kullum da hantsi, tana sauri za ta koma ofis. "Gefen hannunta na hagu baƙi ƙirin, 'yata, tun daga ɗan yatsa har wuyan hannu. Na ce mata ki sa tsumma. Ta ce ta samo dabara." Dabarar ita ce ta riƙa fara shafi daga dama tana yin hagu, don kada hannunta ya bi ta kan ɗanyar tawada. Wato kowane jeri daga ƙarshensa take farawa. Tana zana faɗuwar mutum kafin ta zana naushin da ya kayar da shi.

Wannan ya tsaya mini a rai duk hanya. Ta yaya ake haka? Sai dai in duk shafin na cikin kanki tun kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Na ce to bayan hannun yaron ya warke fa?

Ya yi dariya har da tari. "Ya warke a wata biyu. Ya kawo fitowa ta sha ɗaya da hannunsa. Yara suka yi ta aiko da wasiƙu, wai me ya sami Dutse, ya rame? Ta sha biyu sai ga matar ta dawo da jakarta. Har ta ashirin da uku, ta ƙarshe."

Sha huɗu ke nan. Fitowa sha huɗu. Ina cikin gidan nan lokacin, ko dai ina zuwa hutu. Ina ganinta a tebur bayan an kwashe kwanuka, na ɗauka aikin ofis take. Ban taɓa leƙawa ba.

Na tambayi ɗan yaushe za a buga bango. Ya ce za su haɗa farantin bugu ranar Alhamis ashirin da bakwai, tsakar rana. Kafin nan ƙara suna aikin minti biyar ne, in mai littafi ya ce a ƙara. Bayan nan sai dai wani bugun, in za a yi.

Tsohon ya ce, "Tana nan lafiya?"

Na ce tana gaishe ka.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je gidansa ban sanar ba. Matarsa ta kawo ruwa ta ɓace, mace mai hankali. A falon akwai shafuka uku a cikin firam. Na tashi na duba su da gilashin a gabansa, ɗaya bayan ɗaya. Hagu. Hagu. Hagu.

Ya ce, "Yaya Ƙarama, yanzu kuma 'yar sanda kika zama?"

Na ce, "Ina sunanta?"

"Zauna mana."

"Na gaji da zama, daga wurin zama nake. Ina sunanta?"

Ya ce ita ta hana tun farko. Ma'aikaciyar gwamnati ce lokacin, in aka ji tana aikin waje za a iya korarta. Na ce gaskiya ne, kuma ta yi ritaya shekara huɗu, wa zai kore ta yanzu, daga ina? Ya ce an riga an tsara bango. Na ce minti biyar ne, na tambayo. Ya ce zai ambace ta a jawabinsa ranar baje koli, har ya rubuta. Na ce karanta mini. Ya ciro waya ya karanta: "Da kuma yayata, wadda ta tsaya mini a lokacin da nake cikin wahala."

Na ce, "Wannan ai godiyar wadda ta kawo maka abinci asibiti ce."

"Me kike so in ce?"

"Ka san abin da ka ce da bakinka."

"Wasa ne fa ake a falo."

"Da wallahi a gaba?"

Sai ya ce, murya ƙasa, "Shekara ashirin da takwas ana kirana makarantu. Yara na kawo mini shafin gadar nan in sa musu hannu. Ɗalibaina a kwaleji saboda shi suke shiga ajina. Kina so in tashi a gaban mutane in ce musu me?"

Na ce ka ce musu gaskiya, ba ta da tsawo.

Sai ya ce abin da ya ce. Zan rubuta shi sau ɗaya. "Ke da kike maganar wanda ya bar Yaya, ina kike ranar Asabar?"

Na ɗauki jakata. Ya biyo ni har ƙofa yana "Ba haka nake nufi ba, Yaya Ƙarama, tsaya." Haka yake nufi. Kuma ya yi daidai, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

Litinin, 17 ga wata, da hantsi

Ban rubuta komai ba. Na wanke labule.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na koma kan sharhin. In zan yi, sai in yi adalci, ko ba don shi ba don aikin.

Na rufe hotuna da takarda na karanta maganganun kaɗai. Jawaban Kaftin shirme ne, wannan ba gyara. Amma Tagwaye fa? A shafi na sha tara injin ya danne su, sun yi kwana biyu ba sa magana saboda wani faɗa a kan takalmi, kuma in ba su riƙe hannu ba gari ya tafi. Ɗayan ya ce, "Ba sai ka so ni ba. Miƙo hannunka kawai."

Yaro ɗan shekara ashirin ya rubuta wannan, da filasta a hannu, yana faɗa ana rubuta masa. Nasa ne. Yaya ba ta magana haka, ita da ta ce "Kai, miƙo hannu mu tafi." Labarin nasa ne tun daga farko har ƙarshe, kuma ba laifi, wani wurin ma da kyau. Ba wanda zai ƙwace masa wannan. Ban gane me ya sa rabin gaskiya mai kyau ba ta ishe shi ba.

Sai na yi akasin haka, na rufe maganganu na bi hotuna. Na gano wani abu da ban sani ba game da irin wannan littafi. Tsakanin akwatin hoto da akwatin hoto akwai ɗan farin fili. A nan ake aikin. A akwati ɗaya Walƙiya na bakin kogi, a na gaba tana kan rufin asibiti da yaro a hannu. Ba a nuna gudun ba. Ni na yi gudun, a cikin kaina, ban ma sani ba. A shafukan Auta ba ya yarda da mai karatu, sai ya zana kowane taki. Ita kuwa tana tsallakewa, ta bar maka ramin, ta san za ka iya.

Shekara ashirin ina koya wa mutane yadda ake karatu a jarida. Da na leƙa teburin nan sau ɗaya.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau ta haɗiye shayi ba ta ƙware ba. Cokali tara.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Na kai wa edita abin da na rubuta. Ya karanta a tsaye, sai ya zauna, sai ya rufe ƙofa.

"Malama, wannan ba sharhi ba ne, gobara ce."

Na ce sakin layi na uku ma yabo ne.

"Kin tabbata? Layuka fa kawai."

Na shimfiɗa masa taswirar a kan tebur, na ɗora shafi na sha huɗu a gefe, na ba shi gilashin. Ya daɗe a sunkuye. Sai ya ɗauki biro ya gwada a kan kalandarsa, dama, sannan hagu, kamar yadda na yi. Ya ce, "Ikon Allah." Ya sake gwadawa.

Ya ce zai buga ranar Juma'a mai zuwa in na ce a buga. Amma ya yi mini tambaya ɗaya. "Ita mai zanen, ta ce tana so?"

Na naɗe taswirar.

Sati uku ina faɗa a madadinta. Na tambayi tsohon maɗaba'a, na tambayi Auta, na tambayi gilashi. Ita ce kaɗai ban tambaya ba. Na ce wa kaina ba za ta iya amsawa ba. Ƙarya ne. Tsoro nake ta ce in bari, in rasa abin da zan riƙa yi da hannuwana.

'Yar Yaya ma ta faɗa mini jiya a bakin ƙofa. "Anti, kawu ne ke kai ta asibiti duk Talata, shi ke ɗaukarta ya sa a mota. In kuka ɓata, ni zan rasa. Ki yi tunani." Na ce zan yi. Ina yi.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na jira 'yarta ta tafi kasuwa. Na ja kujera kusa da gado, ta gefen dama, inda take gani sosai.

Na ce, "Yaya, na karanta."

Ta kalle ni. Gira ɗaya ta ɗaga, wadda ke ɗaguwa. Na san fassararta: sai yau?

Na ce sai yau. Na ce matar da ke kwashe shanya ta fi Kaftin hankali. Ta yi wani sauti, kafaɗarta na rawa. Dariya ce. Rabona da ita tun kafin ranar.

Muka bi shafukan tare, ina juyawa. A na shida ta ture da bayan hannu, wuce. A na sha huɗu ta sa yatsa a ƙafar gadar ta yamutsa fuska. Na duba, ban ga komai ba. Ta ƙwanƙwasa wurin. Da gilashi na gani, ginshiƙi ɗaya ya fi sauran siranta kaɗan. Shekara ashirin da takwas, kuma shi ke damunta.

Sai na rufe na nuna mata bangon. Na ce za a sake bugawa. Na sa yatsa a ƙarƙashin sunan. Na ce, "Yaya, in kin ce in bari, wallahi zan bari, in yaga abin da na rubuta. In kuma kina so a sa, ki nuna mini."

Ta daɗe tana kallo. Na ɗauka ta gaji. Sai ta miƙa hannun dama wajen jakata. Na ba ta ruwa, ta ture. Na ba ta gilashin, ta ture. Biro take so.

Ba ta taɓa rubutu da dama ba. Malaman firamare sun yi dukan duniya, ba ta yarda ba. Yau ta damƙe biron kamar mai riƙe wuƙa, na tallafe mata littafin a kan filo. Ya suɓuce sau biyu. Na kai hannu in taimaka, ta harare ni, na janye. Agogon bango na gabana, minti ashirin da biyar. Gumi har wuyanta.

Harafi uku ta samu, manya, karkatattu, takardar ta huje a na biyu. Farkon sunanta. Ba a ƙasan nasa ta sa ba, ba kuma a sama ba. A gefe, daidai kalmar "zane".

Ta saki biron ta rufe ido.

Na ce, "Yaya, ranar nan da kika kira ni." Ban ƙarasa ba. Ba ta buɗe ido ba. Ta lalubo hannuna ta ɗora shi a kan littafin, ta danna, irin yadda take danna mini kuɗin mota a tafin hannu in zan koma makaranta. Je ki.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na ɗauki hoton bangon na aika wa Auta. Ya gani, alamar ta nuna. Na ba shi awa ɗaya, sannan na rubuta masa wannan, na kwafe a nan don kada gobe in ce ban faɗa ba:

"Auta, labarin naka ne, na rubuta haka da kyau, ba wanda ya taɓa yabonka kamar yadda na yi a sakin layi na uku. Zanen nata ne daga shafi na bakwai. Ba ta ce a cire ka ba, ba ta ce ta zo kafin kai ba. Ka ga inda ta sa. Kana da zuwa ranar Alhamis, sha biyun rana, ka kira maɗaba'a. In ka kira, zan cire maganar layuka daga sharhin, in bar maka ka faɗa da bakinka yadda kake so, in zauna a layin gaba in tafa maka.

"In sha biyu ta wuce, sha biyu da minti biyar zan ce wa edita ya buga, da hoton taswira da na shafi na sha huɗu gefe da gefe. Talata kuma kada ka damu, na yi magana da mai motar haya, ni da 'yarta za mu koyi ɗaukarta. Ranar baje koli zan yi mata wanka, in sa mata rigarta shuɗiya, in turo ta a keke har gaban gadar nan, in taka birki. Duk wanda ya tsaya kallo zan ce masa ya gaisa da mai zanen. Ba zan ɗaga murya ba. Ka san ba na buƙata."

Ya karanta. Alamar rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

Na ajiye wayar a kan tebur, fuskarta sama.